Baban da Na Ce Ya Rasu

Shekarar nan na sha wuya, har yanzu in na tuna ta sai bakina ya yi ɗaci. Gwiwata ta dama ta kumbura, likita ya ce in rage tsayuwa, ni kuwa aikina gaba ɗaya tsayuwa ne da sunkuyo. Motoci nake wankewa a filin wani Alhaji, Bakano, da ke sayar da tsofaffin motoci a titin Gate City Boulevard. In an kawo mota daga gwanjo, ni ne mai zaƙulo busasshen dankalin da ya maƙale a ƙarƙashin kujera, in goge tabon kofi, in yi ta fesa turare har warin taba ya lafa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi. Da sanyi hannu ya tsattsage. Da bazara garin furen itatuwa ya sauko, motar da ka wanke da safe kafin azahar ta koma ruwan ɗorawa, ka sake jan tiyo. Duk wannan na saba da shi. Amma yawo da kunyar kaina ban saba ba, kuma shekarar nan sai da na yi wata biyu cur a haka.

Ni ba mai ilimi ba ne. A aji huɗu na firamare na tsaya, Turancina kuma na kunne ne, wanda na tsinta a Legas da nan. Wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri da rubutun. Maganar littafi ce, amma ba malami ne ke yin ta ba.

Akwai wata mata a nan Greensboro, 'yar garinmu ce ta can gida. Tsakanin gidansu da namu katanga ce kawai. Na girme ta da kamar shekara goma, Yaya take ce mini tun tana yawo ba takalmi. Mahaifinta ya rasu tana 'yar shekara shida ko kusa da haka. Na san wannan sarai, don ina cikin samarin da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar kabarinsa. Bayan sadakar arba'in ƙanen mahaifin ya dawo gidan da iyalinsa ya riƙe su. Mai shagon hatsi ne a bakin kasuwa, mutum mai fuskar shanu, ana jin tsoronsa ana kuma girmama shi. Kanawa suna cewa Baffa. Mu a garinmu ba mu da wannan, ƙanen uba Baba ne, wan uba Baba ne. Baba take ce masa, Baba 'ya'yansa ke ce masa, mu ma yaran maƙwabta Baba muke cewa.

Ina Legas ina dako a kasuwa abin ya faru. Lokacin ta yi aure ya mutu, ta dawo gida tana sayar da shinkafa da wake a tasha. Aka fara magana a kanta da wani direba, maganar ta girma har aka ce ciki ne. Ko gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, har yau ban tambaya ba. Da na je gida Babbar Sallah sai na tarar an ce an yi gobara a ɗakin harawar gidansu, fitila ta faɗi tana ciki, ta ƙone, an kai ta asibitin birni. Haka kowa ke faɗa, da baki ɗaya kamar karatun allo. Da yamma ina zaune Inna, mahaifiyata, tana tsinkar zogale, na ce Allah Ya kyauta, fitila ba ta da tabbas. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tun yaushe ake sa wa ɗakin harawa kwaɗo ta waje da mutum a ciki?" Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Ka ji, ka haɗiye." Na haɗiye kuwa. Matar ba ta ƙara komawa garin ba.

Bayan shekaru masu yawa na gan ta a wani taron suna a nan. Kullum rigarta mai dogon hannu ce ko ana zafi, mayafinta kuma a naɗe har wuya, amma in ta miƙo hannu za ka ga fatar ta tattare kamar ledar da ta taɓa wuta. Muka gaisa, ta tambayi Inna, na tambayi aiki. A gidan kula da tsofaffi take aiki. Shekara bakwai muna haɗuwa a suna da biki da filin Idi, ko sau ɗaya maganar wutar ba ta shiga tsakaninmu ba.

Sai ga littafi. Ashe tana zuwa ajin koyon Turanci a laburare, malamarsu wata tsohuwar Baturiya da ta yi ritaya. Ita tana ba da labari da guntun Turancinta, malamar tana rubutawa tana gyarawa, har ya zama ɗan littafi siriri aka buga. Matata ta fi ni karatu, ita ta samo shi, ranar Lahadi bayan azahar tana karantawa tana juya mini da Hausa. Matata ba 'yar garinmu ba ce, ban kuma taɓa ba ta labarin ba. Da ta kai wurin wutar ta ajiye littafin a cinya ta ce, "Malam, wannan gaskiya ne?" Na ce ina Legas lokacin. Ta dube ni, ta ci gaba da karatu.

In faɗi gaskiya, littafin yana da shirme. A bangonsa an sa idanun wata mata cikin baƙin niƙabi, abin da ban taɓa ganin macen garinmu ta sa ba a wancan zamanin. A ciki an ce garin yana tsakiyar hamada, raƙuma na wucewa ta ƙofar gida, alhali mu fadama gare mu, shinkafa da rake muke nomawa. An ce tana da 'yan'uwa maza goma sha huɗu. Wanda ya fi ƙona mini rai, an rubuta wai dokar ƙabilarmu ce duk macen da ta jawo wa gida abin kunya a ƙone ta. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ba addini ba, ba al'ada ba. Ni dai a rayuwata ban taɓa jin an yi wa wata haka a ƙasarmu ba sai ita. Amma ƙofar, da kwaɗon, da harawar, yadda aka rubuta su haka Inna ta nuna mini da tambayarta guda ɗaya.

Littafin ya zaga cikin mutanenmu kamar mura. Ofishin Alhaji, wanda ɗan ɗaki ne na kwano da injin shayi, nan ake zama bayan Juma'a. Akwai wani direban babbar mota, mutumin Damagaram inda ake ce wa makaranta lakwal, ba ya gani ya ƙyale. Ina shigowa da guga ya ce, "Ga ɗan hamada nan! Malam, ashe raƙumi kake hawa zuwa lakwal, shi ya sa ka tsaya a aji huɗu. Kafin ya durƙusa an tashi."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Alhaji bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Ku bar raƙuma. Jiya wata ta zo sayen mota, ta ga hulata, ta ce ko ni daga mutanen nan ne masu ƙona 'ya'yansu. A gaban yarona. Shekara ashirin muna gina mutunci a garin nan, mace ɗaya ta zo ta rushe da littafin da ko ita ba za ta iya karantawa ba." Ya ɗauko littafin ya buɗe shafi ya nuna da yatsa. "Ku duba nan. Babi na biyu, ubanta ya mutu tana shekara shida, har da kukan makoki. Ku dawo nan, babi na tara, ubanta ne ya sa kwaɗo ya kunna ashana. Wanne ne? Fatalwa ce ta dawo?"

Direban ya ce, "Wallahi ko maƙaryaci yana buƙatar karatu."

Ina tsaye da guga a hannu. Nan take na gane abin da ya faru. Ta ce wa malamar Baba ya rasu, malamar ta rubuta uba. Ta ce Baba ya kulle ƙofa, malamar ta sake rubuta uba. Goma sha huɗun nan ma 'ya'yan Baba ne da na ɗakinsu aka haɗa. Magana ce ta numfashi ɗaya, da na faɗa da Alhaji ya gane tun ban rufe baki ba, don shi ma Bahaushe ne, bai dai san akwai wani ƙanen uba a gidan ba. A duk faɗin Greensboro ni kaɗai na sani. Na ajiye gugan na zuba shayi.

Zan faɗi dalilaina, ba don su wanke ni ba. 'Yata da ke kwaleji ta dawo gida ta ce wata ƙawarta ta tambaye ta ko tana jin tsorona. Da Turanci ta faɗa mini, tana dariya, amma ni ban yi barci mai daɗi ba. Ga Inna tana can da ranta, ta tsufa, katanga ɗaya da 'ya'yan ƙanen uban nan, su ke kai ta asibiti in ciwonta ya tashi. Shi Baban ya riga ya rasu, amma 'ya'yan suna nan, kuma yanzu magana ba ta kwana a hanya, kafin ka rufe waya ta isa gida. Ga Alhaji, a hannunsa nake ci. Sannan akwai wani abu da ya fi waɗannan muni: na ji haushinta. Na ce mu duka mun haɗiye, ita wace ce da za ta amayar a gaban baƙi?

Bayan kamar mako biyu wani ɗan jarida ya zo filin. Baƙar fata ne na nan, mai furfura a gemu, da ɗan littafin rubutu a aljihu. Ba mugu ba ne, wannan ina so a sani. Ya ce laburare ya shirya wa matar nan ranar da za ta zauna gaban mutane a karanta littafin, an kuma ba shi aikin rubuta labari a kai. Sai wani ya aiko masa da wasiƙa ba suna cewa ƙarya ce. Ya ce an taɓa samun irin waɗannan littattafai da daga baya aka gano ƙirƙira ce, kuma duk lokacin da aka yi haka matan da abin ya same su da gaske su ke shan wahala, don ba a ƙara yarda da su. Saboda haka yana so ya tabbatar. An gaya masa akwai ɗan garinsu a nan.

Alhaji ya kira ni daga wurin wanki, ya ba ni kujerarsa, abin da bai taɓa yi ba. Shi ya zama tafinta.

Mutumin ya tambayi raƙuma. Na ce babu. Ya tambayi hamada, na ce fadama ce. Ya tambayi dokar ƙabila, na ce wallahi babu ita, na faɗa da ƙarfi don a nan zuciyata ɗaya. Ya ce 'yan'uwa maza nawa gare ta, na ce uwarta uku ta haifa. Yana ta rubutawa. Sai ya ce, mahaifinta fa, da gaske ya rasu tana ƙarama?

Na ce, "Ya rasu. Da ni aka binne shi."

Ya ce to ke nan ba zai yiwu ya kulle ta tana da shekara ashirin da wani abu ba.

Na ce, "Wanda ke kabari ba ya sa kwaɗo."

Alhaji ya yi dariya ya juya masa. Mutumin bai yi dariya ba. Ya ɗan bubbuga biro a littafin, sannan ya dube ni ido cikin ido ya yi tambayar da har yau nake ji a kunnena. Ban jira tafinta ba ma na gane ta. Ya ce, akwai wani mutum dabam da za ta iya kira uba?

Allah Ya buɗe mini ƙofa har ƙasa. Na dubi Alhaji, na dubi injin shayi. Na ce, "Kowa uba ɗaya gare shi."

Ya ce wutar fa?

Na ce, "Ina Legas. An ce fitila ce."

Ya yi godiya, ya ba Alhaji katinsa ya ce in an tuna wani abu a kira shi. Alhaji ya jefa katin a aljihun tebur. Na koma wanki. Na tuna ina goge gilashin wata jar mota ina bin maganganuna ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ai ban yi ƙarya ba. Raƙuma babu, gaskiya. Ya rasu, gaskiya. Ina Legas, gaskiya. An ce fitila ce, haka aka ce. Ko a gaban alƙali zan maimaita. Na yi ta faɗa wa kaina haka har na goge gilashi ɗaya sau uku.

Labarin ya fito. Matata ta karanta mini a waya. Bai ce maƙaryaciya ce ba, ya dai jera abubuwan. Ya rubuta cewa wani ɗan garinsu da ya halarci jana'izar mahaifin ya tabbatar ya rasu tun tana yarinya. Ya je wurinta ita ma, ta ce masa ƙanen mahaifinta take nufi. Amma yadda abin ya fito a rubuce, "yanzu kuma ta ce ƙanen uba ne," sai ya zama kamar wadda aka kama ta canja magana. Ya ƙara da cewa bai sami wanda ya tabbatar da wannan ba. Ina zai samu? Wanda zai tabbatar ɗin shi ne ya ce kowa uba ɗaya gare shi.

Laburare ya ɗage taron, ba a sa wata rana ba. Na ji an ce malamar ta tsorata ta daina ɗaukar waya na ɗan lokaci. A wurin aikinta wata abokiyar aiki ta tambaye ta ko a wurin girki ta ƙone. Matan garin nan, waɗanda da ma suna jin haushi, suka sami abin riƙewa. Aka yi suna biyu ba a gaya mata ba. Ni kuwa na zama mutum. Bayan Juma'a ana miƙo mini hannu biyu-biyu. Direban nan ya daina ce mini ɗan hamada, ya koma "Malam mai shaida." A wata walima aka tura mini cinyar rago gabana aka ce ta wanda ya fitar da mu kunya ce. Na ci. Wannan ma sai na rubuta shi, na cinye ta tas har na tsotse ƙashin.

Wata biyu ina kauce mata. In na ji za ta je wuri sai gwiwata ta tashi. Ran wata Litinin bayan an tashi aiki, matata ta aike ni kantin kayan abincinmu na gida da ke kan titin, in sayo daddawa da kuka da garin masara. Ina zagayowa ta wurin firjin naman akuya sai ga ta tsaye da kwando, da rigar aikinta a ƙarƙashin mayafi. Ba hanyar juyawa.

Ta ɗan rusuna kamar yadda ta saba. "Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Da godiya. Ya gwiwar? An ce tana damunka."

"Da sauƙi."

"Ya Inna? Kuna waya?"

"Tana lafiya."

Na yi zaton shi ke nan, na miƙa hannu zan ɗauki kuka. Sai ta ce, "Yaya, in yi tambaya? Ba ta faɗa ba ce." Muryarta ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar farashi. "Mutumin nan mai shagon hatsi a bakin kasuwa. In kun zo gaisuwar Sallah gidanmu, kun durƙusa a zaure, me kake ce masa?"

Firjin yana ta ƙugi. Na ce, "Baba."

"Baba," ta ce. "Kai da ba ɗansa ba ma."

Na ce, "Littafin nan akwai abubuwan da ba haka suke ba. Raƙuma, da dokar nan."

"Na sani. Na gaya mata ba mu da raƙuma, ta ce in ba a sa ba mutanen nan ba za su hango wurin ba. Dokar kuwa ban ma san ta shiga ba sai da aka buga, wata ta karanta mini. Ni cewa na yi Baba ya ce a gidansa ba a yin haka a kwana lafiya. Ita ta ji doka. Laifina ne, na sa hannu a abin da ban iya karantawa duka ba, kuma na gaya wa ɗan jaridar haka." Ta gyara kwandon a hannunta. "Na bar mata raƙuman ne, Yaya, don ni ƙofar nake so a rubuta. Shekara nawa ana cewa fitila. Ina so ko a takarda ɗaya a duniya a ce an kulle. Yanzu ƙofar ma ta bi raƙuman."

Na ce, "Ina Legas lokacin."

"Na san kana Legas. Ban ce ka gani ba. Tambayar da aka yi maka ba ta gani ba ce." Ta mayar da kwandon ɗaya hannun. "An karanta maka wurin maƙwabciyar da ta fasa kwaɗon?"

Na ce an karanta.

"Inna ce. Da taɓarya. Ta haura ta kan rumbunku, da zaninta ɗaya, mazan unguwa suna tsaye a waje suna cewa a nemo makulli. Ita ta ja ni ta ƙafa. Malamar ta so in faɗi ko wace ce, wai labarin zai fi ƙarfi, har ɗan jaridar ya ce in akwai wanda zai kira a can in ba shi. Na ce babu. Tana zaune a tsakiyarsu, ba zan jawo mata ba." Ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi mini. "Kada ka faɗa wa kowa wannan. Ka gaishe ta in kun yi waya."

Ta wuce wurin biya. Ni na tsaya a gaban firjin har wani ya ce in ba shi hanya. Na dawo gida ba daddawa ba kuka.

Kafin magariba na zaunar da matata na gaya mata komai, tun daga ɗakin harawa har tambayar ɗan jaridar. Na ɓoye maganar taɓarya kawai, don an ce in ɓoye, sai yanzu da Inna ta rasu nake rubuta ta. Matata ba ta yi hayaniya ba. Ta ce, "Ranar da na tambaye ka, ka ce kana Legas." Na ce haka ne. Ta ce, "Na gaishe ta a tsaye ranar nan a masallaci, saboda maganarka." Ta tashi ta shiga kicin. Na ji tana buɗe tukwane tana rufewa ba tare da ta dafa komai ba.

Da safe na riga kowa zuwa fili. Ban jawo tiyo ba, na zauna a bakin ofis har Alhaji ya iso ya buɗe. Na gaishe shi na ce ina son katin ɗan jaridar nan.

Ya ce, "Na me?"

Na ce, "Akwai abin da na tuna."

Ya tsaya da makulli a hannu. "Me ka tuna bayan wata biyu?"

Na ce, "Alhaji, Baffanta ne. Ƙanen ubanta. Mu Baba muke cewa. Shi ya riƙe ta, shi take nufi. Na sani tun ranar da ka buɗe littafin nan."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Inna lillahi. Ka sani ka bar ni ina ta fatalwa a gaban mutane?" Na ce na sani. Ya zauna, ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "To yanzu so kake a sake tayar da ƙurar? An manta fa. In ya sake rubutawa mu za a sake nunawa da yatsa. Kai kuma ka san abin da za a ce maka ranar Juma'a."

Na ce na sani.

Bai ba ni katin a hannu ba. Ya jawo aljihun teburin ya bar shi a buɗe, ya juya yana haɗa shayi. Na tona cikin tsofaffin makullai da takardu na samo shi. Na buga lambar a nan tsaye, a gabansa, don na san in na fita da katin zan iya sa shi a aljihu in ce sai gobe.

Mutumin bai ɗauka ba, na'urar ajiye saƙo ce ta amsa. Ban nemi Alhaji ya juya mini ba. Da Turancin dako na fara. Na ce ni ne mai wankin mota ɗan garinsu. Na ce tambayar da ka yi mini, ko akwai wani da take kira uba, akwai. Ankul ne, ƙanen babanta, duk unguwa Baba muke ce masa, ni ma haka. Na ce na sani ranar, na ƙi faɗa. Na ce raƙuma ƙarya ne, doka ƙarya ce, amma ƙofar, wani wanda ba ya ƙarya ya gaya mini tun a lokacin an kulle ta ta waje. Ina cikin neman yadda ake cewa kwaɗo da Turanci na'urar ta yi ƙara ta yanke.

Na sake bugawa, na jira ta gama surutunta, na ɗora daga inda na tsaya.